Zakaran Ɗori

Lahadi, bayan la'asar

Masu lafiya a gidan nan: Balkisu autata, lafiyarta lau in ban da kuka. Humaira matar ɗana, lafiya, cikinta yana motsi. Malam, maigidan, lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Shanun huɗa biyu suna turke suna tuƙa kamar ba su ba. Ni ma an ce lafiyata lau.

Marasa lafiya: zakarana ja, da wancan.

Wancan ɗana ne na fari. Ban taɓa faɗin sunansa ba tun ran suna, kuma hannuna bai yarda ya rubuta shi ba. Ran da anka yaye shi Goggo, yayar Malam, ta goye shi ta kai ɗakinta, can ya girma har ya yi aure. Ita yake kira Inna. Ni Yaya yake ce mini, kamar yadda ƙannena ke faɗi.

Wannan littafin Malama Mufida ta yaƙi da jahilci ta raba mana, ta ce mu riƙa rubuta abin da munka yi da rana don hannu ya saba. Da can gishiri da daddawa nike rubutawa. Yau ga abin da ke akwai.

Jiya amalanken albasa ya bi ta kan ƙugunsa a gangaren fadamarmu ta wajen Katanga. Ƙafar amalanke ta faɗa rami, ya duƙa yana cusa dutse ƙarƙashi, anka kori shanu bai fito ba. Ba zan rubuta wanda ke riƙe da igiya da bulala ba. Su biyu sunka tafi gonar.

Sun wuce ta ƙofar asibitin Jega da shi, ba su ko rage gudu ba, sai Aliero, gidan Malam Abdu mai ɗori. Da yamma anka aiko a kama zakara. Ba wanda ya tambaye ni.

Litinin, da hantsi

Ga abin da anka yi da zakaran, don na sa Balkisu ta tambayo mini. Mai ɗori ya karya mishi ƙafa, ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya ɗaure da kara. Sannan ya ɗaure ƙugun wancan da farin ƙyalle. Ran da zakara ya taka ƙafarsa, ƙashin mutum ya kama. Kafin ranar ba a ɗaga majinyaci, ba a fitar da shi daga gidan. Haka anka yi wa kawun Malam da ya faɗo daga giginya, ya kuwa tashi, na gan shi da idona yana noma. Ban ce ƙarya ne ba.

Goggo ce ta tafi jinya, da Humaira mai yi musu girki. Na ɗauki mayafina, Malam ya dube ni daga bakin zaure ya ce, "Ke da ɗan fari? Mi kike so mutane su ce?"

Na mai da mayafin bisa igiya.

Talata, da azahar

An ce zakara ya ci dawa.

Laraba, bayan azahar

Humaira ta zo da kayan wanki a motar kasuwa. Na karɓe, na ce ta huta, mai ciki ba ta duƙawa. Ba don tausayinta ba ne. So nike in ga kayan.

Wandon da ya sa ranar yana ciki. Jinin ba a gefen ƙugu yake ba, inda ƙafar amalanke ta bi. A gaba yake, daidai inda ba a faɗi. Zannuwan shimfiɗa kuwa, na shinshina su ɗaya bayan ɗaya kamar karya. Mutumin da ba ya tashi tun Asabar, zanensa ya kamata ya yi zarni har a toshe hanci. Na yi jinyar tsohona, na sani. Waɗannan babu komai sai zufa da man shanu, da wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu launin ruwan zoɓo.

Ba a tambayar suruka irin wannan. Na zagaya, na ce mata gwangwanin da anka ba su na bawali ko ya yi ƙarami in aika da babba. Ta sunkuyar da kai ta ce ai ko rabin wancan bai taɓa cika ba. Ta ce yana ta nishi a kansa har jijiyar wuya ta tashi, sai ɗigo, shi ma ja. Ta ce mararsa ta yi tauri. Na ce ta faɗa wa Goggo? Ta ce ta faɗa, Goggo ta ce jinin buguwa ne ke fita, alheri ne, kuma yarinya mai kunya ba ta leƙa gwangwanin miji.

Shi kuma ba zai faɗa ba. Na san shi, ko da ban riƙe shi ba. Yana yaro ƙaya ta karye mishi a ƙafa, ya ɓoye har ta yi ruwa.

Alhamis, da safe

Na faɗa wa Malam. Na jira ya gama lazimi, na durƙusa daga nesa, na ce yaron Goggo bawali ba ya fita, kuma akwai jini. Na ce ko za a kai shi likita ya duba cikin, in ya so a mai da shi wajen ɗorin.

Ya ce tun da na fara zuwa makarantar nan ta tsofaffi na zama likita. Ya ce a asibiti yanke mutum suke, kuma kafin su taɓa shi sai sun tara mutane suna tambayar yaya anka yi, wa ya yi, ina ɗan sanda. Nan muryarsa ta sauka. Sai ya ce ya ga zakaran jiya da idonsa, idonsa garau, har ya yi cara.

Na ce, "Zakaran yana bawali?"

Ya tashi ya ɗauki kekensa. Kullum sai ya tafi Aliero. Humaira ta ce yana isa sai ya wuce bayan gida inda anka ɗaure kaji, ya tsuguna gaban zakaran, ya ba shi ruwa a tafin hannu. Ɗakin kuwa daga bakin ƙofa yake cewa sannu, fuskarsa na duban bango.

Juma'a, bayan an sauko

Mata sun cika mini tsakar gida da jaje. Kowace ta zauna sai ta yaba mini. Wai Hadiza akwai kawaici, ɗanta na kwance ko a fuska ba ta nuna ba, irin matan da. Wata ta ce 'yan yanzu da tuni sun tafi suna birgima a Aliero. Na ce to. Na ba su ruwa. Na so in watsa musu shi.

Wadda ta fi yabon ita ce ta cinye ƙosan da na aje wa Balkisu.

Ana ta maganar tsadar mai, da wai tun da anka ba mu jiha komai sai an je Birnin Kebbi, da farashin albasa a bana. Albasarmu tana can zube inda amalanken ya tsaya, ba wanda ya koma ya kwashe. Ta ruɓe mana.

Asabar, da magariba

Na je.

Na ce man shanu zan kai, na mahaifiyata na Maiyama ya fi na kasuwa kyau, kuma ba na ba kowa ya riƙe. Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Gidan ɗori gari ne guda. Ɗakuna jere, mutane kwance har rumfa, wasu daga Nijar, wasu ko Hausa ba su ji. A baya kaji ne ɗaure, kowane da karansa a ƙafa, kowane da mai shi. Na gane nawa tun daga nesa. Ya yi ƙiba.

Na zauna bakin ƙofar ɗakin na ba shi baya, yadda ya kamata. Goggo na ciki tana mishi fifita. Ta ce, "A'a, yau 'yar boko ce da kanta? Ko allura kinka kawo muna?" Na gaishe ta. Ta ce yaronta na samun sauƙi, jiya har ya sha kunu. Ta ja kalmar yaronta kamar tana jan zare.

Ban juya ba, amma hanci ba ya kunya. Ɗakin yana wari irin na bayan gidan da ruwa ya kwanta. Kuma yana shaƙuwa. Shaƙuwa ba tsayawa, kowace sai ya yi ɗan nishi a bayanta. Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa." Muryar kamar daga cikin rijiya. Na ce yauwa, ina duban ƙasa.

Da Goggo ta fita alwala na saci kallo. Leɓensa ya bushe ya tsage. Cikin ya taso bisa ƙyallen ɗorin, fatar tana sheƙi, kumburin ya gangara har cinya. Ya ja zane ya rufe da ya ga ina kallo.

Na tare Malam Abdu a rumfarsa. Tsoho ne mai 'yan yatsu kamar na mace. Na faɗa mishi abin da na gani, ban zagaya ba, yaransa na ji. Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce ƙashin yana kan hanya, wannan ya tabbata. Ya ce, "Ni ƙashi anka gadar mini. Abin da ke cikin tulu, ban san shi ba." Na ce to ya faɗa wa uban. Ya ce ya taɓa mishi zancen shekaranjiya, uban ya ce a jira zakara. Kuma shi ba ya korar wanda anka kawo mishi, ba ya kuma miƙa majinyaci sai ga wanda ya kawo shi.

Kowa yana da ƙa'idarsa. Mai ɗori da tasa, Goggo da tata, Malam da tasa, ni da tawa. Shi kaɗai ne ba shi da komai sai shaƙuwa.

Lahadi, da hantsi

Na ɗora tukunya na manta ban sa ruwa ba. Balkisu ta ce Inna ƙauri. Na mare ta. Ba ta yi komai ba.

Litinin, bayan la'asar

Zakara ya taka.

Malam ya shigo da kekensa har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba, yana dariya, haƙoransa duk waje. Ya ce ya taka, ya taka da ƙafar, har ya kori wata kaza. Ya sayo goro ya raba a masallaci. Ya ce in yi waina gobe a yi sadaka. Tun ran Asabar ɗin can ban ga ya dubi idona ba sai yau.

Na ce yaron fa. Ya ce masassara ce ta ɗan rufe shi, yana 'yan surutai, amma Goggo ta ce fitar ciwo ke nan.

Na ce to, bari in je Maiyama in karɓo shinkafar wainar wajen tsohuwata.

Na je Maiyama. Ban ko shiga wajen tsohuwa ba. Na wuce tasha na sami ƙanena Lauwali, yana kwance ƙarƙashin a-kori-kurarsa yana ɗaure wani abu da waya. Na ce gobe da sassafe zai kai ni Aliero mu ɗauko mutum. Da ya ji ko wane ne ya fito yana share hannu, ya ce, "Yaya, ki rufa mini asiri. Ɗan mutane ne. Ubanshi na da rai."

Na ce, "Ɗan mutane. Ran da anka haife shi, mutanen ne sunka yi kwana biyu durƙushe?"

Ya ce ba shi da mai. Na ce ya nemo. Ya ce in tuna da aurena fa. Na ce shi ya aura mini?

Na dawo da shinkafa kwano guda don kada a tambaya. Ga ta nan na jiƙa. Wanda ya ga dama ya soya.

Talata, bayan la'asar, a barandar asibiti

Bisa gwiwata nike rubutu, zai karkace.

Mun isa Aliero rana ba ta yi zafi ba. Malam bai iso ba tukuna. Na shiga ɗakin kai tsaye, ban yi sallama ba, ban ba da baya ba. Goggo ta miƙe. Na wuce ta na yaye zanen gaba ɗaya, ni, uwarsa, gaban matarsa da ƙanena. Abin da na gani ba zan rubuta ba. Lauwali ya juya ya fita waje ya tofar da yawu, ya dawo bai ƙara cewa ɗan mutane ba.

Goggo ta riƙe mini hannu ta ce ba ni da kunya, ta ce tir, ta ce duk zuri'armu ta Maiyama haka muke, ba a san mu da ta ido ba. Ta ce in ya mutu a hanya ni na kashe shi, kuma za ta faɗa a ko'ina. Na ce ta faɗa. Na ce, "Kin riƙe shi shekara ashirin da wani abu, ban ce uffan ba. Ba ni aron shi yau."

Shi bai san ana yi ba. Yana kiran shanu da sunayensu.

Malam Abdu ya zo ya tsaya. Na zaci zai tara mini yaransa. Ya ce shi bai ba ni ba, kowa ya shaida bai ba ni ba. Sannan ya ce in dai ɗauka za a yi, ba a tabarma ba. Ya sa anka ciro ƙyauren ɗakin, anka zura shi a kai, ya ƙara ɗaure ƙugun da rawaninsa, ya haɗa gwiwoyin ya ɗaure. Ya ce ko wa ya ce a kwance a hanya kada mu yarda. Na so in tsane shi har ƙarshe, ya hana ni.

Mun fito ƙofar gida sai ga Malam bisa keke. Ya sauka. Ya dubi ƙyauren, ya dubi Lauwali, ni bai dube ni ba. Ya ce, "Wanda duk ya fitar da shi, ba da yawuna ba." Na ce mun ji. Ya tsaya riƙe da keken har munka tada mota. Da na waiga na ga ya nufi bayan gida wajen kaji.

Hanyar Aliero zuwa Jega ba nisa, amma yau ta yi. Ina baya tare da shi, kansa bisa cinyata. Wajen rabin hanya shaƙuwar ta tsaya, idon ya juye. Humaira ta kira shi yadda take kiransa, bai motsa ba. Lauwali ya leƙo ta taga ya kira, shiru.

Na ce, Surajo.

Ban san da wace murya ya fito ba. Na sake faɗi. Ya buɗe ido ya dube ni kamar wanda baƙo ya tada daga barci.

Ga shi na rubuta. Surajo. Ba shi da wuyar rubutu ashe.

Laraba, da hantsi

Sun shiga da shi tiyata jiya da azahar, sun fito da shi rana ta yi sanyi.

Likitan ɗan saurayi ne, ba Bahaushe ba, wata nas ce ke juya mini maganarsa. Ya fara da faɗa, wai me munka zauna yi kwana goma. Na ce ta ce mishi zakara munka jira. Ba ta juya wannan ba.

Ga abin da na fahimta. Da ƙashin ƙugu ya karye, tsininsa ya huda mafitsara, hanyar bawalin ma ta yage. Duk abin da ya sha tun ranar, maimakon ya fita waje, cikin jiki yake tsiyaya, ya taru ya ruɓe. Shi ne kumburin, shi ne warin, shi ne masassarar. Sun buɗe sun kwashe abin da sunka iya, sun sa roba ta mara wadda bawali zai riƙa bi zuwa wata leda, da wata robar a gefe mai fitar da ruwan ciwo. Ɗinkin mafitsarar bai yiwu duka ba, naman ya yi laushi, sai ya yi ƙarfi za a koma. Ƙashin kuwa ya ce a bar shi yadda yake ɗaure, kwanciya ce maganinsa.

An ɗebi jinina leda guda, an ɗebi na Lauwali. Humaira ta miƙa hannu, nas ta ce mai ciki ta koma ta zauna.

Ba wanda ya kira ɗan sanda. An tambaya yaya anka yi, na ce amalanke, anka rubuta amalanke. Shi ke nan abin da anka yi ta gudu.

Alhamis, da azahar

Aikina yanzu kallon leda. Ja ce.

Juma'a, da safe

Ja, amma ta cika har an zubar. Ban taɓa zaton zan yi wa bawali hamdala ba.

Asabar, bayan la'asar

Masassara ta dawo da ƙarfi. An canza allura, sai da Lauwali ya je har Birnin Kebbi ya samo. Nas ɗin rana tana da baki, ta ce mu mutanen ƙauye sai mun gama kashe mutum mu kawo musu gawa su yi ta fama. Na ce a Jega anka haife ta ko daga sama ta faɗo, don na san gidansu, kakanta ma a Aliero anka ɗora shi. Tun nan ba ta kula ni, amma tana zuwa kan lokaci.

Labari ya zaga gari. Matan da sunka yaba mini ran Juma'a su ne yanzu ke cewa Hadiza ta yaye wa ɗanta na fari zane gaban jama'a, ta kira sunansa a kan titi. Balkisu ta kawo mini duka, har da wadda ta fara. Mai cin ƙosan ce.

Malam bai zo ba.

Litinin, da hantsi

Goggo ta zo da kwanon kunu. Ta tsaya bakin ɗakin maza tana neman wanda zai ce ta shigo, ban ce ba, ta shigo. Ta zauna ɗaya gefen gadon. Ta dubi robar, ta dubi ledar, ta daɗe. Ta ce wannan duk daga cikinsa ya fito? Na ce wannan na safiyar yau ne kawai.

Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ta ce kunun da na dama jiya an gaya mata ya yi ruwa, yaronta ba ya son mai ruwa. Na ce ta ba shi nata. Ya sha cokali kaɗan don ya faranta mata. Da za ta tafi ta ce ko a ɗebi jininta. Nas ta dube ta ta ce Goggo ai ke ce ke neman ƙari.

A bakin ƙofa ta ce mini, ba ta dube ni ba, ƙanenta ba ya cin abinci. Ya dawo da zakaran gida ya ɗaure a zaure, yana kwana yana kallonsa. Na ce Allah ya ba zakara lafiya.

Laraba, da la'asar

Ledar ta koma launin shayi. Ya yi barci ba surutai.

Alhamis, bayan azahar

Lauwali ya ce ya ga Malam a waje, gindin dogon yaron da ke bayan katangar asibiti, riƙe da keke. Ya ce ba yau ya fara ba, maigadi ya ce kullum sai ya zo ya tambaya ko mai roba a ciki yana nan da rai, in an ce e sai ya hau keke ya tafi.

Na fita na leƙa. Shi ne. Rigar ta yi mishi yawa. Na tsaya inda zai gan ni, ya gan ni, ya duƙa yana taɓa sarƙar keke kamar ta zube.

Na dawo. In ya iya korar shanu ya iya tako ƙofa.

To, na rubuta. Ban goge ba.

Asabar, da hantsi

Yau ya yi magana sosai, Surajo. Ya tambayi albasa, na ce ta ruɓe, ya yi dariya har robar ta motsa ya daina. Ya tambaya ko zai ƙara zama namiji kamar kowa. Ba ni ya tambaya ba, bango ya tambaya, Humaira ta fita da gudu. Na ce likita ya ce hanyar bawalin sai bayan watanni, a Sakkwato, kuma bai yi alkawarin komai ba. Ban ƙara gishiri ba. An yi mishi ƙarya ta ishe shi.

Sannan ya ce, "Yaya, Baba fa?"

Na ce yana nan lafiya.

Ya ce, "Ki ce mishi ni na ce ya kora. Na ce na fita, ya kora. Bai ji daidai ba ne."

Na dube shi. Idonsa na kan silin. Wanda ya ce na fita ba ya zama ƙarƙashin amalanke, kuma in shi ya ce a kora, me ke nan bai ji daidai ba? Ko ƙaryar bai iya shiryawa ba. Cikinsa a farke, roba biyu a jiki, yana neman zanen da zai rufa wa wani.

Na ce zan faɗa.

Lahadi, bayan la'asar

Likita ya zagayo. Ya ce naman ya yi kyau, ran Alhamis da safe zai koma ya ɗinke mafitsarar, in an wuce haka robar gefen za ta fara kawo wani ciwon. Amma ba zai taɓa shi ba sai an aje jini leda biyu, don jikin ba shi da abin da zai zubar. Ni da Lauwali an ce bai yi lokacin da za a sake ɗiba ba. Abokin Surajo guda ya bayar jiya. Saura ɗaya. Sauran dangi kowa ya ce yana jiran ya ji bakin Malam, tunda an ce ba da yawunsa ba.

Wannan shafin zan yage in ba Lauwali. Balkisu za ta karanta, tunda karatun tsofaffi bai kai zaure ba.

Malam, bayan gaisuwa. Masu lafiya a nan: ni, da Humaira. Marar lafiya: ɗanka Surajo, amma yana gane mutane, yana cin abinci, bawalinsa ya yi fari.

Ya ba ni saƙo. Ya ce shi ya ce ka kora shanun. Ni ban yarda ba, kai ma ka san abin da ka sani, amma saƙo ne, na isar. Kullum in anka buɗe ƙofar ɗakin sai ya juyo da kai.

Ba wanda zai tambaye ka komai a nan. An rubuta amalanke, an rufe. Zancena da kai, da abin da ka faɗa a ƙofar gidan ɗori, wannan ya jira, ba ya ruɓewa.

Jini ake so leda guda kafin azahar ɗin Laraba, don su auna shi. Daga gindin dogon yaro zuwa ɗakin ɗibar jini bai kai daga zaure zuwa masallaci ba. In za ka shigo, ka faɗa wa Lauwali. In ba za ka shigo ba, shi ma ka faɗa mishi kafin Talata ta faɗi, in san ƙofar da zan buga, don zan buga ko ta wane ne, kunyar ta riga ta ƙare.

Zakaran nawa ne, ba a tambaye ni ba anka ɗauka. Ya taka, ya gama aikinsa. Ka yanka shi, Balkisu ta yi farfesu, ka riƙo kwanon da hannunka. Likita ya ce yaron yana bukatar romo.